Amsa ga ɗan'uwan da ake son biyansa bashin sefa da naira

Ɗan'uwa, sannu, Allah ya ba ka haƙuri. Ka ce a 2015 ka ranta wa wani jaka 400 ta sefa (jaka ɗaya sefa dubu ɗaya ce), yanzu ya zo zai biya ka da naira a kan farashin wancan lokacin, kana tambayar nawa jaka take a shekarar, kuma ka karɓa ko ka ƙi. Kada ka karɓa. Wallahi abin da aka yi mini ke nan, har yau in na tuna sai barci ya ƙaurace mini.

A 2015 dala tana wajen naira 199 a banki, jakar sefa kuwa tana yawo ne a ɗari uku da 'yan kai, a bakin iyaka ta ɗan ɗara. Ka ɗauka 350 ce. Kuɗinka sun kama naira dubu 140. A 2024 jaka ta haura naira 2,500, wato jaka 400 ta kai miliyan ɗaya. To ka ga abin da mutumin yake son haɗiyewa.

Ni aminina ne, unguwarmu ɗaya, tare muka yi makarantar allo. Na dawo daga Maraɗi da cinikin kaya a aljihu, ya tare ni ya ce zai tafi Kwatano sayo mota, can ma sefa ake ci, in taimaka masa da jaka 600 ya juya. A zaurena na ƙirga masa, 'yan jaka goma-goma, ya sa a aljihun 'yar ciki. Daga nan sai labari. Yau kwastan sun riƙe mota, gobe an hana shigo da motoci ta ƙasa, jibi an rufe iyaka a 2019. Duk na yi shiru. Ina kallo ya ƙara aure, ya zuba tayil a gidansa.

Ka san ranar da ya tuna da ni? Janairun 2023, lokacin canjin kuɗi, ana saura 'yan kwanaki a daina karɓar tsofaffi. Bayan Magariba ya yi sallama da kawunsa da wasu dattawa biyu, riƙe da baƙar leda. Ya zazzage a kan tabarma, tsofaffin 'yan ɗari biyar-biyar da 'yan dubu, wasu sun yi laushi suna warin ajiya, naira dubu 210. A ranar jaka ta fi naira dubu ɗaya. Na ce malam, ai sefa na ba ka. Ya dube ni ko kunya babu, ya ce shi ɗan Najeriya ne, naira ya sani. Kawun nasa kuma ya dinga cewa bashi hanji ne yana cikin kowa, in yi haƙuri in duba zumunci. Zumunci! Ni ne na kwana a layin banki da ledarsa don kada ta zama takarda. Har yanzu muna haɗuwa a masallaci, ya miƙo mini hannu kamar ba komai.

Mahaifina ma ya gani a 1984, da gwamnatin Buhari ta sauya launin naira ta rufe iyakoki. Yana ba mu labarin 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram da naira ta mutu musu a cikin buhu. Kuma fa a lokacin naira ce sarauniya. An fito da ita a Janairun 1973, fam ɗaya naira biyu, a 1980 ta fi dala tsada, naira ɗaya ta fi sefa 300 a farashin banki. Mutanen Nijar naira suke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Tun da Babangida ya sake ta a 1986 take gangara. Zamanin Abacha gwamnati na cewa dala naira 22 ce, kasuwa na cewa tamanin da wani abu. Aka sake karya ta a 2016, sai kuma Yunin 2023 da Tinubu ya haɗe farashin banki da na kasuwa.

In mutumin ya ce maka ai sefa ce ta yi tsada, ba laifinsa ba ne, ka gaya masa sefa tana nan inda take. Tun da aka ƙirƙiro ta a 1945 a ɗaure take da kuɗin Faransa. A Janairun 1994 aka raba darajarta biyu a taron Dakar, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, mutanen Nijar suka ji jiki. Daga 1999 aka ɗaure ta da yuro, yuro ɗaya a kan sefa 655.957, kuma ba ta motsa ba. Masu cewa kuɗin mulkin mallaka ne suna da hujjarsu, ban musa ba, amma wannan ba zai rage maka bashinka ba.

Ka je wurin malamin da kuka yarda da shi ku biyu, kafin ya tara maka dattawa. Abin da malamai suka gaya mini shi ne bashi da irin abin da aka karɓa ake biyansa, in kuma za a biya da wani kuɗi to da farashin ranar biya ne. Kada hannunka ya taɓa ledar, ko da an ce ka riƙe kafin a gama magana, don da ka taɓa za a ce ka amince. Ka ce masa wata ɗaya ka ba shi. In ya ce ba shi da hali, ka yarda ya biya kaɗan-kaɗan amma da sefa, jaka hamsin-hamsin, a rubuta da shaidu kamar yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta ce. In akwai wanda ya ga lokacin da ka ƙirga masa, ka neme shi tun yau. In kuma an daidaita a kan naira, ku kira ɗan canji a Wapa da wani a Jibiya a gaban kowa, a ji farashin ranar daga bakinsu, kada ka yarda da na bakinsa.