Shin ƴar takardar gwajin nan za ta iya nuna guba a ruwan rijiya?

Ɗan'uwa, ka ce rijiyarku a Samaru tana kusa da kwata, kuma ka ji ana maganar wata ƴar na'ura mai gwada ruwa da ɗigo ɗaya. Da gaske akwai ta.

Wadda ta fi arha takarda ce da ba ta wuce katin waya ba. Ana zana mata siraran hanyoyi da kakin zuma, sai ɗigon ruwa ya bi su da kansa, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. A ƙarshen kowace hanya akwai sinadarin da ke sauya launi idan ya haɗu da abin da ake nema, sai a ɗauki hoto da waya a auna kaurin launin. Masana a jami'ar Harvard ta Amurka ne suka fito da irin wannan a 2007.

Ga rijiya irin taku, sinadarin naitiret nake jin tsoro, wanda ke tsiyayowa daga masai da takin zamani, yana kuma cutar da jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita, kuma takardar tana iya kama wannan.

Dalma kuwa, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, iyakarta mikrogiram 10 ce kacal a lita (mikrogiram dubu ne ke yin miligiram ɗaya), launi ba ya saurin nuna ta. Don Allah kada ka dogara da takarda a nan. Ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta ka kai ɗakin gwaji a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU). Tafasa ruwa ba ya cire ko ɗaya cikin biyun.