Kan Maganar Dandaƙar Raguna

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da ka tambaya kafin ka taɓa dabbobin nan. Ka ce 'yan raguna huɗu ka ɗaure a bayan gida a Ɗorayi, kana so ka kai su Babbar Sallah, wani kuma ya ce ka dandaƙe su don su yi ƙiba, wai haka iyayenmu suke yi.

To, ba haka muka taras ba. Abin da muka tashi muka ga ana dandaƙewa shi ne bunsuru, saboda warinsa da ke bin nama da kuma fitinarsa, shi ya sa ma yake da suna nasa, taure. Rago kuwa barinsa ake yi da halittarsa. Je ka Wudil ranar Juma'a, ko 'Yan Awaki a Unguwa Uku ana saura mako guda Sallah, ka tsaya ka kalli mai saye. Zai dubi ƙaho da wuya, ya danna gadon baya, sannan ya sunkuya ya duba maraina. In ya ga babu, farashi ya faɗi ke nan, ko dillali ya yi ta rantsuwa. Ragon da aka dandaƙe yana ƙarami ƙahonsa ba ya murɗewa ya cika, wuyansa ba ya kauri, gezar nan ta rago ɗan ƙasa ba ta zubowa sosai. Kwarjinin nan ake biya wa kuɗi a Kano.

Kuma ba son ido ne kawai ba. A Risala, da muka karanta a zaure, an jera su: a layya ragon da ba a dandaƙe ba ya fi dandaƙaƙƙe, dandaƙaƙƙe ya fi tunkiya, tunkiya ta fi akuya. Can gaba kuma aka ce babu laifi a dandaƙe tumaki da awaki don gyaran namansu, doki ne aka hana. Saboda haka kada ka ce wa kowa haramun ne, layya da shi ta yi.

Maganar ƙiba, akwai gaskiya a ciki amma rabi ce. Dandaƙaƙƙe yana tara kitse, yana da sanyin hali, ba ya karo. Wanda aka bari ya fi saurin girma da tsoka a kan dusa da harawa iri ɗaya. In karo ne damuwarka, turke daban-daban, ka kuma nisanta su da tunkiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne naka sun riga sun tasa. Masu yi da zoben roba a makon farko na haihuwa suke yi. Ni na taɓa bari aka yi wa wani Balami nawa da ya girma, cikin damina, wurin ya kumbura, ƙuda ya bi shi, ya daina cin abinci. Kwana tara ina jinyarsa ya mutu, har yau ina jin hakkinsa a wuyana. In wata rana dole ta sa, ka kira likitan dabbobi, ka bari sai hunturu.

Waɗannan huɗun dai ka bar su. Ka ba su maganin tsutsar ciki, kanwa kaɗan a ruwa, inuwa mai kyau. Ka gaida mahaifiyarka, in na shigo gari zan zo in gan su.

Kawunka.