Tambaya da Amsa: Za mu iya taka kurmin Mambila a babban hutu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a unguwar Birni, nan Damagaram. Ni da abokaina uku mun saba fita yawon ƙafa bayan gari duk ƙarshen mako, mukan yi kilomita 20 ba mu ji komai ba. Yanzu muna so mu je mu ga kurmin kan tudu na Najeriya a babban hutu, cikin Agusta. Ina ya kamata mu nufa, kuma ƙarfinmu zai kai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara muku lafiya da zumunci. Shawarata ta farko ita ce ku cire Agusta daga lissafi. A shekara Damagaram takan samu ruwa kusan milimita 400, tudun Mambila na jihar Taraba kuwa yakan kai 1,800, kuma Agusta tsakiyar damina ce. Hanyoyin cikin kurmi jar laka ce mai santsi, ƙoramar da ka tsallake da safe sai ka tarar ta cika da la'asar, hazo kuma ya rufe kwari har ba ka hango abokinka. Ku jira hutun ƙarshen Disamba. Lokacin ruwa ya ɗauke, ƙasa ta yi tauri, ƙoramu sun ja baya. In aka shiga Fabrairu, ƙurar hunturu da hayaƙin ƙonar ciyawa sukan toshe kallo.

Wurare biyu ne mutane ke haɗawa a baki, alhali ba ɗaya ba ne. Akwai gandun dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, an mai da shi gandun ƙasa a 1991, ofishinsa yana Serti. A cikinsa ne tsaunin Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda babu mai kai shi a ƙasar. Hawansa tafiyar kwanaki ce da masu dako da kwana a tanti. Sai kuma kurmin Ngel Nyaki a kan tudun Mambila, kusa da ƙauyen Yelwa, a kan hanyar Serti zuwa Gembu. An keɓe shi tun 1969, yana tsakanin mita 1,400 da 1,600 sama da teku, kuma ainihin kurmin bai wuce murabba'in kilomita 7 da ɗan wani abu ba. Da shi za ku fara. Chappal Waddi ba zai gudu ba.

Batun ƙarfi kuwa, nan nake so ka saurare ni da kyau. Kilomita 20 ɗinku gaskiya ne, juriyar rana da ƙishirwa kuma kun fi yawancin masu zuwa can. Amma a kan tudu hawa ake ƙirgawa kafin nisa. Ƙa'idar da masu hawa ke bi ita ce awa ɗaya ga kowace kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A cikin kurmi, da kaya a baya, ko wannan ba ta cika isa ba. Ngel Nyaki kuma yana da wani hali: kurmin yana manne ne a gangaren kwari, ciyawa tana sama. Wato da gangarawa ake fara tafiya, jiki na jin daɗi, sai an gaji sannan hawa ya zo. Mutum ya zarce ƙasa yana murna, la'asar ta same shi a gindin kwari da gwiwa tana rawa. Don haka ku yanke lokacin juyowa tun kafin ku shiga, in ya cika a juya, ko an ga biri ko ba a gani ba.

Gangarawar ma ita ce ke cin gwiwa. Taku gajere, ƙafa a ɗan karkace, sanda a hannu. Kada a taka jijiyar itace mai laima, a tsallake ta. Kafin tafiya, ku yi wata biyu kuna hawa da sauka a duwatsun da ke kewaye da gari, da jaka mai nauyin kilo 8 a baya. Wannan ya fi muku ƙarin nisa a fili amfani.

Sanyi ma zai ba ku mamaki. Damagaram ba ta kai mita 500 sama da teku ba, kuma duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6. Sanyinmu na hunturu busasshe ne, na can mai laima ne, yana shiga riga ya zauna. Ku tafi da rigar sanyi, rigar ruwa, safa ta canji, da takalmi mai kaushin ƙasa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Ku cusa ƙafar wando cikin safa saboda kwarkwasa. Za ku tarar da layinsu baƙi ƙirin ya ratsa hanya. Wanda ya tsaya a kai yana kallon tsuntsu, kafin ya ankara sun kai masa cinya. Guzuri: dabino, ƙuliƙuli, garin rogo da sukari. Kilishi a bar shi sai dare, yana jawo ƙishirwa. Ruwan ƙorama a tafasa shi, komai haskensa.

Kada ku shiga ba ɗan jagora. A bakin kurmin akwai tashar bincike wadda Dokta Hazel Chapman ta jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyu Zilan ta kafa, kuma yawancin ma'aikatanta ƴan Yelwa ne. Sun san kowace hanya, suna jin Hausa da Fulatanci. Ku nemi izini tun kuna gida, ku biya ɗan jagora hakkinsa da kyau. Shi ne zai nuna muku sheƙar da biri mai ganga, wato babban birin da Turawa ke kira chimpanzee, ya lanƙwasa da rassa ya kwana a ciki. Birin kansa da wuya ku gan shi, ƴan kaɗan ne suka rage a wannan kurmi, kuma suna gudun mutum. Ƙananan birai da tsuntsaye kuwa za ku gani har ku gaji, in kun rage surutu.

Abin da ke damuna da wurin shi ne ƙanƙantarsa. Wutar ciyawa da shanu suna cin bakinsa kowace rani, kuma itacen da ya ƙone a nan yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin wani ya maye gurbinsa. Mu mutanen Damagaram mun san abin da rashin itace ke yi wa ƙasa. Shayinku a dafa shi a masauki, ba a cikin ciyawa ba, leda kuma ta dawo cikin jaka, kada a sari ko sanda.

Hanya doguwa ce: Kano, Bauchi, Gombe, Jalingo, Bali, Serti, sannan hawan Mayo Selbe mai kwana-kwana. Ku ba ta kwana biyu aƙalla, ban da tafiyar dare. Ku riƙe takardunku da katin rigakafin shawara, ku canza sefa zuwa naira tun a Kano, kuma ku kira mutanen wurin ku ji halin tsaro a satin da za ku tashi.