Me ya sa tafasar da nake shanyawa take yin baƙi?

Tambaya: Ina sana'ar kwaɗo a Gwale. Da damina nakan sari tafasa da yaɗiya da araha wurin matan ƙauye in shanya saboda rani, amma kafin wata biyu sun yi baƙi, sun yi fumfuna. Ina mafita?

Amsa: Hajiya, abu biyu ne ke cin jarinki: danshi da kuma sinadaran cikin ganyen. Ko an tsinke ganye, sinadaran nan ba sa daina aiki, su ne ke mai da kore baƙi. Zafi ne maganinsu. Ki tsince ganyen ki wanke, ki tafasa ruwa da ɗan gishiri, ki tsoma shi minti 2 zuwa 3, ki tsame ki zuba a ruwan sanyi nan take. Tsomawa na ce, ba dahuwa ba. Kanwa kuwa ki bar ta. Tana fito da kore, gaskiya ne, amma tana kashe bitamin C.

Kuka da lalo da karkashi kada su ga ruwan zafi, yauƙinsu zai tafi, kuma yauƙin ake saya.

Wurin shanya ne aka fi yin asara. A Kano, Agusta ne watan marka, iska cike da laima, ganye sai ya kwana huɗu yana laushi. Ki baza shi falle-falle a kan faifai ko raga, a inuwa mai iska, a sama ba a ƙasa ba, kina juyawa. Rana tsaka tana koɗar da shi. Idan da hali, ki jinkirta babban sari zuwa ƙarshen damina.

Ki damƙi kaɗan ki murza. In ya yi ƙaras ya marmashe, ya bushe. In ya lanƙwashe, da saura, kuma wannan sauran ne fumfunar da kike gani. Daga nan sai busasshen bokiti mai murfi, a ajiye a duhu. Buhu yana shan danshi.

Ɗanyen da za ki kwaɗanta a 'yan kwanaki kuma, ki gwada tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da ta sa Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya samu lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a 2000. Sai dai ta fi aiki lokacin da iska ta bushe, da marka sanyinta kaɗan ne.