An riga an biya kuɗin hidima a jirgin ruwa: sai na ƙara wa ma'aikata tukuici?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata da ke aikin jinya a Bronx ta biya mana ni da Alhaji tafiyar kwana bakwai a jirgin ruwa na shaƙatawa, daga Miami zuwa tsibiran Karibiyan. Ta ce har kuɗin hidimar ma'aikata ta biya. Amma wata ƙawata da ta taɓa zuwa ta ce dole in tanadi ambulan in raba wa ma'aikata kuɗi ranar sauka, in ba haka ba abin kunya ne. Alhaji kuma ya ce biya biyu ke nan, gara a janye wancan da aka biya, mu ba wanda ya yi mana aiki hannu da hannu. Wanne ne daidai? In za a bayar, wa za a ba, kuma nawa? Daga Hajiya, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.

Ƙawarki ta ɗan tsananta. Abin da 'yarki ta biya ya sauke muku nauyi, kuna iya sauka daga jirgin nan ba ku ƙara wa kowa ko dala ɗaya ba, kuma ba wanda zai kira ku marowata. Ambulan da take faɗa tsohuwar al'ada ce ta lokacin da fasinja ke raba kuɗi da kansa a daren ƙarshe, kafin kamfanoni su koma ɗora shi a lissafi. Ƙari alheri ne, wanda ya yi ya kyauta. Shawarar Alhaji kuwa, duk da girman da nake ba shi, ita nake roƙon kada a bi, kuma a kanta zan fi daɗewa, domin ta nan ake cutar bayin Allah ba tare da an yi niyya ba.

Manyan kamfanonin da ke tashi daga Miami, irin su Royal Caribbean da Carnival da Norwegian da MSC, suna ɗora wa kowane fasinja wani adadi a kowace rana. A 'yan shekarun nan adadin yana tsakanin dala 16 da dala 20 ga mai ɗaki na gama-gari, masu manyan ɗakuna kuma su biya fiye da haka. Mu ɗauka 18 ne: mutum biyu, kwana bakwai, dala 252 ke nan. Ki tambayi 'yan canji a Adum nawa wannan ya kama a sidi, za ki ga yarinyar ta yi ƙoƙari.

Kamfanoni suna kiran wannan kuɗi kyauta, amma a aljihun ma'aikaci albashi ne. Yawancin jiragen nan rajistarsu a Bahamas ko Panama ko Malta take, don haka dokar mafi ƙarancin albashi ta Amurka ba ta hau kansu ba. Masu gyaran ɗaki da masu kawo abinci galibinsu 'yan Filifin ne da Indunusiya da Indiya, da wasu 'yan'uwanmu daga Afirka. Mutum yakan sa hannu a kwantiragin wata shida zuwa tara, ya bar mata da yara, ya yi aiki kullum babu Asabar babu Lahadi. Yarjejeniyar ƙwadagon ma'aikatan teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce a ba ma'aikaci hutun aƙalla awa 10 a cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako. Mako awa 168 ne. Ki cire 77, saura 91. Doka ke nan ta yarda mutum ya yi aikin da ya kai awa 91 a mako guda. Albashin tushe na masu irin wannan aiki ba shi da yawa, kuɗin hidimar nan ne ke cike gurbin. Da shi ake biyan kuɗin makarantar yara a Manila da Bali.

Kuma ba na mutum biyun da za ki riƙa gani kullum ba ne kaɗai. Ana tara shi ne a raba tsakanin mai gyaran ɗaki, da mai kawo abinci da mataimakinsa, da masu kwashe kwanuka a wurin cin abinci na ɗebi-da-kanka, da waɗanda ba za ki taɓa haɗa ido da su ba: masu wankin zannuwan gado a can ƙasan jirgi, da masu wanke-wanke a kicin. Kin san yadda biki yake a Zango. 'Yan matan da ke kai kwano gaban baƙi su ake yi wa sannu, matan da suka kwana a bakin murhu tun kafin asuba kuwa ba wanda ya san fuskarsu. In Alhaji ya janye kuɗin ya damƙa wa mutum biyu, na bakin murhun ya hana. Hadisin nan da ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe bai ware wanda ido ya gani ba.

Alhaji bai yi ƙarya ba, a jirage da yawa ana iya zuwa teburin kula da fasinjoji a ce a rage ko a cire. Sai dai ko wanda yake so ya amfana ba lallai ya amfana ba. A wasu kamfanonin, in fasinja ya cire kuɗin hidima, duk abin da ya miƙa wa ma'aikaci a hannu sai ma'aikacin ya kai shi asusun da ake rabawa. Wani lokaci ma shugabansa ya kira shi ya tambaye shi laifin da ya yi wa baƙo. In kuwa an bar kuɗin yadda yake, abin da kika ƙara a hannu nasa ne shi kaɗai. Haushin Alhaji na gane shi, kuma ina tare da shi a kan cewa kamata ya yi kamfani ya zuba komai cikin kuɗin tikiti ya biya mutanensa albashi mai kyau. Kamfanin P&O Cruises na Ingila ya daina karɓar kuɗin hidima na daban tun 2019, jiragen alfarma irin su Silversea da Seabourn ma haka tsarinsu yake. Amma wannan magana ce tsakaninmu da kamfani, mai wankin zani ba shi ya tsara ba. In kuma hidimar ce ba ta yi muku ba, ku je teburin nan tun rana ta biyu ku faɗa, a gyara tun kuna ciki.

To, wa ya cancanci ƙari? Wanda ya yi muku abin da ya wuce aikinsa na yau da kullum. Ku kuwa, kasancewarku Musulmi, ina kyautata zaton za ku sami irin wannan mutum a ɗakin cin abinci. Naman alade yana ɓuya a miya da kayan karin kumallo, ana kuma zuba giya a wasu romo da kayan zaƙi. Ki sa 'yarki ta sanar da kamfanin buƙatarku ta abinci tun kafin tafiya, sannan daren farko ku gaya wa mai kawo muku abinci. Na kirki a cikinsu zai riƙa kawo muku jerin abincin gobe tun yau, ya shiga kicin ya tambayo abin da aka sa, ya sa a gasa muku kifi daban. In kun yi sa'a ɗan Indunusiya ne, wataƙila shi ma mai salla ne, ba sai kin yi dogon bayani ba. Wanda ya ɗauke miki wannan fargaba har kwana bakwai, a ganina dala 20 zuwa 30 daga ku biyu ba ta yi yawa ba, mataimakinsa kuma 10 ko 15. Mai gyaran ɗaki ma haka, 20 zuwa 40, gwargwadon ɗawainiyar da ya yi da ku: ya lura da lokutan sallarku bai ƙwanƙwasa ƙofa ba, ya ƙaro tawul saboda alwala, ya kawo wa Alhaji ƙanƙara don ƙafarsa. Af, ki sa buta a cikin kayanki, ba za ki same ta a banɗakin jirgi ba.

Akwai kuma waɗanda kuɗin da aka biya bai shafe su ba sam, kuma su mutanenmu suka fi mantawa. 'Yan dakon da za su karɓi akwatunanku a tashar Miami ma'aikatan tasha ne, ba na jirgi ba. Al'adar can ita ce a ba su kamar dala biyu a kan kowane akwati. In kun sauka yawo a Nassau ko Cozumel, ɗan jagora da direban mota su ma nasu daban ne, dala biyar a kan kowane mutum ga ɗan jagora, biyu ko uku ga direba ya wadatar. Wanda ya hawo muku da abinci ɗaki, dala biyu zuwa biyar a take. Kyaftin da hafsoshinsa da likitan jirgi ba a ba su, albashinsu cikakke ne.

Inda biya biyu na gaskiya yake, wanda ya kamata Alhaji ya sa wa ido, shi ne rasit. Duk abin da kuka saya a ciki wanda ba ya cikin tikiti, lemon kwalba ne, kofi na musamman ne, gyaran gashi ne ko tausa, kamfani yakan ɗora kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari a kai da kansa. Duk da haka sai ki ga an bar wani layi a ƙasa babu komai, wai ko za ki ƙara. Mutane da yawa suna cikewa suna zaton wajibi ne. Ki karanta rasit ɗin kafin ki sa hannu. In an riga an ɗora, ki ja layi a wurin, sai fa in ranki ne ya so.

Batun kuɗin da za ki riƙe. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, katin ɗakinku shi ne makulli shi ne kuma walat, komai a kansa ake rubutawa. Tukuici ne kaɗai ke tafiya a hannu, kuma da dala. Sidi ba ta da amfani ga ɗan Filifin, MoMo, wato tura kuɗi ta waya, kuma ba ta aiki a can. 'Yan canjinmu sun fi riƙe takardun ɗari da hamsin, saboda haka ki ce wa 'yarki ta karɓo miki 'yan ɗai-ɗai da biyar-biyar da goma-goma a bankinta. Dala 100 zuwa 150 za ta ishe ku duk abin da na lissafa, wataƙila har da saura. Ki ajiye su a ƙaramin akwatin ƙarfen da ke cikin ɗaki.

Wasu suna ba da rabi tun ranar farko don a san da zamansu. Ni ban cika son haka ba, domin yana kama da sayen fifiko a kan sauran fasinjoji, alhali mutumin zai yi aikinsa ko ba a ba shi ba. Na fi son a bari sai daren ƙarshe. Kada dai ki bari sai safiyar sauka. A ranar mai gyaran ɗaki yana tseren shirya ɗakuna kafin sabbin baƙi su shigo da rana, da ƙyar ki gan shi. In kuma ba teburi ɗaya kuke zama kullum ba, masu kawo abincin suna canjawa, to ki ba wanda ya kyauta miki a daren da ya kyauta. A miƙa cikin sirri, a kira sunansa, a yi masa godiya. In kin fi son Alhaji ya miƙa wa maza, ko a bar ambulan a kan gado da sunan mutumin a rubuce, duk daidai ne. Sunan a rubuce yana da muhimmanci, domin kuɗin da aka tarar a ɗaki babu suna ana iya ɗaukarsa mantuwa a kai ofis.

Akwai wani abu da ba ya cin ko kwabo, ma'aikatan kuma suna ɗaukarsa da girma ƙwarai. Bayan an sauka kamfani yakan aiko da tambayoyin jin ra'ayi ta imel, kuma ana duba sunayen da fasinjoji suka yaba wajen ƙarin girma da sabunta kwantiragi. Kowane ma'aikaci yana maƙale da sunansa da ƙasarsa a ƙirji. Ki rubuta sunayen waɗanda suka kyauta muku a takarda ko ki sa a waya. Mai yiwuwa saƙon ya je wa 'yarki tunda ita ta yi rajista, sai ki ba ta sunayen ki ce ta cike da wuri, domin ba ya daɗewa yake rufewa.

Na san halinmu, za ki so ki tafi da tsaraba. Kilishi kada ki fara, jami'an kwastan na Amurka ba sa barin a shiga da nama irin wannan, kuma rashin bayyana abincin da ke cikin kaya yana jawo tara. Atamfa ko ɗan kente kyauta ce mai kyau, amma ma'aikatan nan mutum biyu ko fiye ke kwana a ɗan ƙaramin ɗaki, kuma akwati ɗaya ko biyu za su koma da shi gida bayan watanni. Kuɗi ya fi musu sauƙi, ana aika shi gida daga tasha ta gaba.

Daren ƙarshe, kafin ku kwanta, ku duba lissafinku a talabijin ɗin ɗaki ko a manhajar kamfanin. Tunda an biya kuɗin hidima tun kafin tafiya, bai kamata ya sake fitowa kullum-kullum a lissafin ba. Ki riƙe takardar shaidar biyan da 'yarki za ta ba ki. In kun ga an sake ɗorawa, ku kai ta teburin kula da fasinjoji a daren, domin gyara lissafi bayan an bar jirgi yana ɗaukar lokaci.