Tambaya da Amsa: Daga Yaushe Za Mu Ƙirga Shekarun Ikilisiyarmu?

TAMBAYA: Baba Fasto, barka da aiki. Ni ne magatakardan matasa a wata ikilisiyar ECWA da ke wani ƙauye a ƙaramar hukumar Sumaila ta Jihar Kano. Dattawa sun ɗora mini rubuta tarihin ikilisiyarmu domin bikin godiya da za mu yi bayan kaka, amma tun ban sa alƙalami a takarda ba kawuna suka rabu. Wasu sun ce a ƙirga daga ranar da mai bishara na farko ya tara mutane a gindin tsamiya, wasu sun ce daga shekarar da aka gina majami'a, wasu kuma sun ce sai daga lokacin da gundumar ECWA ta amince da mu ta turo mana fasto. Akwai ma masu cewa Turawan mishan ne suka kafa mu. Wanne zan bi?

AMSA: Ɗana, sannu da ɗaukar wannan nauyi. Shawarata ita ce ka ƙirga daga gindin tsamiyar nan, domin Ubangiji ya yi alkawari a Matiyu 18:20 cewa inda mutum biyu ko uku suka taru cikin sunansa, yana tsakiyarsu. Shekarar gini da shekarar zuwan fasto ka rubuta su a gurbinsu, kada ka bar ko ɗaya, amma dukansu sun biyo bayan taron farko ne, kuma da babu shi da babu wanda zai kwaɓa ƙasar ginin.

Masu ambaton Turawa suna da tasu gaskiyar. Mishan ɗin SIM, wanda ya haifi ECWA, ya samo asali ne a 1893, lokacin da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas, biyu daga cikinsu kuma suka rasu a shekara ta gaba. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan zama a masarautun Arewa, sai a shekarun 1930 ƙofa ta ɗan buɗe, galibi ta hanyar jinyar kutare, kamar yadda aka yi a Yadakunya kusa da Kano. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943, aka kuma sami tashoshin mishan a wurare irin su Roni da Karaye da Gani da ke nan kusa da ku, da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, ECWA kuwa ta tsaya da ƙafarta a 1954.

Sai dai Bature a tasha yake zaune, yana ba da magani yana koyar da karatu. Wanda ya shiga ƙauyukan Maguzawa gida-gida, ya kwana a zaure, ya ci tuwon dawa da miyar kuka tare da masu gida, ya kama fartanya ya taya su noma kafin su yarda su saurare shi, yawanci baƙar fata ne ɗan'uwansu. Wani tsohon majinyaci ne da ya warke ya koma gida da littafi a jaka, wani ɗalibin Tofa ne, wani kuma ƙungiyar masu bishara ta EMS ce ta turo shi da matarsa da ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Abin da ke damuna shi ne, a littattafan tarihin ikilisiyoyi da yawa za ka ga an cika shafi da sunan baƙo, an bar wannan bawan Allah a layi ɗaya. Ka nemo sunansa da garinsu da sunan matarsa. Ka nemo kuma mutanen farko da suka ba da gaskiya, domin su ne suka sha tsada: wanda dangi suka daina cin abinci da shi saboda ya ƙi yanka wa tsafin gida, da wanda aka hana wa mata, da wanda ya bar giya abokansa suka mai da shi abin dariya a kasuwa.

Game da bunƙasar ikilisiya, kada ka tsaya ga jerin fastoci kawai. Ka tambayi yadda aka tashi daga inuwar itace zuwa rumfar kara, daga nan zuwa ɗakin tubali mai jinka, har aka kai ga rufin kwano. Za ka tarar matan da suka ɗebo ruwan kwaɓa a tulu tun da asuba su ne suka zama Zumuntar Mata, kuma da dammunan gero da dawa na godiyar kaka aka sayi bandir ɗin kwano na farko. Ka binciki ajin karatun dare da ake yi da fitilar ƙwai, domin sha'awar iya karanta Littafi da rubuta wasiƙa ta jawo samari da yawa. Ka rubuta baftisma ta farko da rafin da aka yi ta, da auren farko da aka ɗaura a majami'a, da ƙauyukan da ikilisiyarku ta je ta buɗe wa wuraren sujada. In an taɓa samun saɓani ko koma baya, ka ambace shi cikin ladabi ba tare da tona asirin kowa ba. Mai unguwa ko dagacin da ya ba da fili, da maƙwabta Musulmi da suka taya ɗora azara, su ma ka ba su haƙƙinsu.

Tsofaffi ba za su ba ka shekara da lamba ba, don haka ka auna maganarsu da abin da kowa ya sani. Alhaji Ado Bayero ya hau gadon sarautar Kano a 1963, yaƙin basasa ya gudana daga 1967 zuwa 1970, an koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a 1973, shekarar da fari ya tsananta, an kuma fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976. Idan tsohuwa ta ce da sulai ta ba da baikonta na farko, ka san abin ya riga canjin kuɗi. Ka zauna da kowane dattijo shi kaɗai, ka naɗi muryarsa a waya da izininsa, sa'an nan ka gwada abin da ka ji da rajistar baftisma da littafin baiko da takardun da ke ofishin gunduma. Ka fara da mata mafiya tsufa tun cikin wannan mako, kafin aikin girbi ya kwashe kowa zuwa gona.