Sukurun rediyon mota mai tsinke a tsakiya: yadda ake kwance shi

Na ji tambayarka. Ka ce ka ɓalle murfin dashbod na motar nan 'yar Beljiyam, ka tarar da rediyon an ɗaure shi da sukuru huɗu, kansu kamar tauraro, ga wani ɗan tsinke tsaye a tsakiyar ramin, sukundirebanka ya ƙi zama. Kana so ka sani ko ka fasa tsinken da guduma ko ka sa injin huda. To, ajiye gudumar tukuna, yaro. Duk biyun suna da ranarsu, amma su ne na ƙarshe.

Sukurun nan bai fi sauran ƙarfi ba. Zarensa irin na kowane sukuru ne, kuma hagu ake juya shi ya fito. Kansa kawai aka yi wa dabara don ya ƙi karɓar kayan aikin da ke aljihun kowa, saboda a shekarun baya satar rediyon mota ta addabi Turai da Amurka. Ɓarawo sauri yake yi, duk abin da zai ɓata masa lokaci ya kore shi. Kai kuwa kana da lokaci, ga mai mota zaune a benci da makullinsa. Wannan ma shi ne sharaɗina na farko a garejin nan: mota ta zo da mai ita, ko da wanda muka san shi ya aiko. Wanda ya shigo da rediyo a leda, wayoyinsa a yanke, yana neman a kwance masa ƙarfen gefe, ka ba shi haƙuri ya ƙara gaba.

Kafin ka taɓa komai, tambayi mai motar ko yana da lambar sirrin rediyon. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake ce wa EOD ko DC, da zarar wuta ta yanke mata sai rediyon ya kulle, ba zai sake magana ba sai an danna masa lambarsa. In ka samu lambar, sai ka zare makulli, ka ɗauki sifana 10 ka cire kan batir na nagatif. Duk soket mai ruwan ɗorawa da ka gani a bayan dashbod na jakar iska ne, ba ruwanka da shi.

Yanzu kunna tocila ka leƙa kan sukurun da kyau. Goge ƙurar da tsinken tsintsiya, ka ƙirga tsinin tauraron. In shida ne da tsinke a tsakiya, to Torx ne na tsaro. Torx ɗin kansa tun 1967 kamfanin Camcar Textron na Amurka ya fito da shi, mai tsinken kuwa ƙari aka yi masa. Maganinsa bakin Torx mai rami a tsakiya, tsinken ya shige ramin, haƙoran su kama. A dashbod yawanci masu lambar girma T10, T15, T20 ko T25 za ka gamu da su. Ana sayar da bakunan a ɗan akwati guda, kala-kala, ka duba wajen masu kayan aiki a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Kuɗin akwatin bai kai na murfin dashbod ɗaya da za ka fasa ba.

A nan ne yara suke ɓata aiki, don haka buɗe kunnenka. T15 zai shiga kan T20, har ma ka ji kamar ya kama. Kana murɗawa sai ya zame, ya ɗebe haƙoran, ka ga ɗan garin ƙarfe yana sheƙi a bakin ramin. Zamewa biyu ko uku, tauraron ya koma da'ira, aikin minti biyar ya zama na yini. Saboda haka daga babba ake farawa ana saukowa. Bakin da ya fi girma cikin waɗanda suka shige har ƙasa, ka girgiza shi ka ji ba ya rawa, shi ne naka. Tsayar da shi sak, kada ya karkace. Danna da tafin hannunka sosai, sannan ka juya a hankali, dannawar ta fi juyawar ƙarfi. Za ka ji wani ɗan ƙas lokacin da ya saki. Injin kwance sukuru mai batir kuwa kada ka ɗora shi a kan sukurun da bai motsa ba tukuna, domin kafin yatsanka ya saki kunamar ya riga ya cinye kan.

In ka ƙirga ka ga tsini biyar, to bakin mai shida ba zai taɓa zama ba, kada ka tilasta shi, nasa daban ne. Mai ramuka biyu kamar idon maciji yana da sauƙi: ɗauki tsohon sukundireba filat, ka goge tsakiyar bakinsa da magagari har ya zama haƙora biyu daidai ramukan. Akwai kuma wanda aka zaftare gefen tsagarsa, yana ɗauruwa amma in ka juya hagu sai bakin ya sulluɓe. Shi wannan sai dai ka cafke kansa ta waje da filaya mai kullewa, ko ka yanka masa sabuwar tsaga.

Wani abu kuma, ba duk sukurun da ka gani a fuskar rediyo ne yake riƙe da shi ba. A tsofaffin BMW irin E34 da E36, akwai 'yan murafu biyu a gefen rediyon, in ka ɗaga su za ka ga sukuru mai kusurwa biyar. Waɗannan ba fitowa suke yi ba. Juya su kake yi su janye wasu 'yan ƙarafa da suka maƙale a jikin dashbod, in ka ji sun tsaya ka tsaya, ka jawo rediyon. Wanda ya ci gaba da murɗawa karya su zai yi. A Opel kuma 'yan mitsi-mitsin sukuru na alanki suna toshe ramuka huɗu na fuskar rediyon ne kawai. Ka cire su, sannan ka zura ƙarafan nan biyu masu lanƙwasa kamar harafin U, ka ɗan buɗa su waje ka ja. Golf 4 da wasu Marsandi siraran makullai masu faɗi suke so a tsagar da ke fuska. Toyota ita ce mai sauƙin hali, murfi za ka ɓalle ka tarar da noti na sifana 10 ko sukurun sita, mai tsaga kamar alamar tarawa.

To, in dare ya yi, bakin babu, mai mota kuma zai kama hanya? Nemi siririn filat wanda zai cusu tsam tsakanin tsinken da bangon tauraron. In sukurun bai ɗaure sosai ba, sau da yawa yana juyuwa a haka. In ya ƙi, da wannan filat ɗin za ka iya tanƙwara tsinken gefe da gefe har ya karye, sai Torx na yau da kullum ya shiga. Amma ka liƙe duk wata kafa ta rediyon da salatif kafin ka fara, ka ajiye maganaɗisu kusa. Guntun tsinken nan in ya faɗa ciki ya kwanta a kan allon wayoyi, ranar da aka mayar da batir sai ka ji ƙaurin ƙuna. Duka da guduma ban yarda da shi ba muddin rediyon yana cikin mota. Robar dashbod ta sha ranar ƙasar nan ta bushe, bugu ɗaya sai ta tsage, ga injin faifai da gilashin fuska ba sa son girgiza.

Injin huda sai kan ya riga ya cinye gaba ɗaya. Kan kawai za ka ci, da siririn baki, a hankali, har ya ɓalle kamar zobe. Kana ganin ya ɓalle ka ɗaga hannu. In rediyon ya fito, guntun da ya saura filaya za ta kwance shi ba wahala, tunda nauyin da ke kansa ya tafi. In kana da bakin huda mai cin hagu ya fi, don wani lokaci yana cikin ci sai ya kamo sukurun ya warware shi.

Wajen mayarwa, tambayi mai motar ko yana son na tsaron ko a sa masa na sita. Kowanne ya zaɓa, gwada tsawonsa da tsohon. A gefen rediyo da yawa an buga iyakar tsawon sukurun da zai shiga, galibi milimita 6 ko 8, wanda ya wuce haka zai je ya soki allon ciki. Je ka ɗauko tocilar ka ƙirga tsinin, ka zo ka faɗa mini nawa ne kafin ka sa masa ƙarfe.